Ƙirarrun Allunan Karkatar da Igiyoyin Rediyo: Tushensu, Aikinsu da Iyakarsu a Sadarwar Zamani Mai Zuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wasu alluna da ake ƙerawa domin su karkatar da igiyoyin rediyo zuwa inda ake so, ba tare da sun ƙara wa igiyar ƙarfi ba. An fara da bayanin matsalar da ta haifar da buƙatarsu, wato rashin juriyar igiyoyi masu gajeren zango idan suka ci karo da gini ko bishiya ko jikin mutum. Daga nan aka bi tarihin fannin, aka fayyace yadda allunan suke aiki da misali na lissafi, aka kawo rabe-rabensu da wasu gwaje-gwajen da aka yi. Maƙalar ta nuna cewa amfanin allunan ya rataya a kan girmansu da wurin da aka kafa su, kuma sun fi dacewa da toshe giɓin da turken sadarwa ya bari fiye da maye gurbinsa.

Fitilun Kalmomi: igiyar rediyo, tsawon zango, ƙirarren allo, jinkirin kaɗawa, 5G, 6G

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a Jamus a shekarun 1887 da 1888, ƙoƙarin injiniyoyi ya tattara ne a kan abubuwa biyu: na'urar da ke aika saƙo da wadda ke karɓarsa. Abin da ke tsakaninsu kuwa, wato iska da gine-gine da duwatsu da itatuwa, an ɗauke shi a matsayin abin da ba a da iko a kansa. Idan bango ya tare sigina, sai a ƙara wa na'urar aikawa ƙarfi, ko a ɗaga eriya sama, ko a kafa wani turken.

A 'yan shekarun nan wani tunani ya samu karɓuwa a tsakanin masu binciken sadarwa. Tunanin shi ne a gyara hanyar ita kanta, ta yadda bangon da yake tare sigina zai koma mai miƙa ta zuwa lungun da ba ta kaiwa. Abin da ake amfani da shi wajen wannan aiki shi ne wani siririn allo mai ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙananan zane-zanen tagulla, wanda wannan maƙala ta kira ƙirarren allo. Muhimmancin batun a fili yake: kowane sabon turke yana buƙatar fili da wutar lantarki da layin da zai haɗa shi da cibiya da mai gadi. Idan allo marar cin wuta zai iya yin wani ɓangare na wannan aiki, to kuɗin faɗaɗa sadarwa zai ragu. Tambayar ita ce, wane ɓangare ne zai iya yi, kuma da waɗanne sharuɗɗa?

2.0 Igiyar Rediyo da Matsalar Gajeren Zango

Igiyar rediyo tana tafiya da saurin haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Ana siffanta ta da abubuwa biyu masu alaƙa da juna. Na farko shi ne yawan kaɗawarta a daƙiƙa, wanda ake aunawa da haz. Gigahaz ɗaya daidai yake da kaɗawa biliyan ɗaya a daƙiƙa. Na biyu shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da tudun da ke bi masa. Ana samun tsawon zango ne idan aka raba saurin haske da yawan kaɗawa. Saboda haka igiyar megahaz 900 da wayoyin farko suka yi amfani da ita tana da zangon santimita 33, ta gigahaz 3.5 tana da santimita 8.6, ta gigahaz 28 kuwa zangonta bai wuce santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Dalilin hawa zuwa manyan lambobi shi ne ƙarancin fili a ƙasa. Rediyo da talabijin da jiragen sama da sojoji da kamfanonin waya duk sun cika ƙananan zangunan, alhali a sama akwai faffaɗan fili da zai ɗauki bayanai masu yawa. Shi ya sa taron duniya kan sadarwar rediyo da aka yi a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar a 2019 ya ware wasu zanguna, ciki har da gigahaz 24.25 zuwa 27.5, domin wayoyin hannu.

Sai dai hawan yana da farashi. Bisa lissafin da Harald Friis ya fitar a 1946, idan eriyoyin aikawa da karɓa ba su tattara ƙarfinsu wuri ɗaya ba, ƙarfin da ake karɓa yana raguwa da murabba'in yawan kaɗawa. Daga gigahaz 3.5 zuwa 28 ninki takwas ne, don haka ƙarfin da zai isa zai ragu sau 64. Ana rama wannan asara ta hanyar jera eriyoyi da yawa su matse siginar ta zama siririya kamar hasken tocila. Amma siririyar sigina tana da sauƙin tarewa. Igiya mai dogon zango tana iya kewaya kusurwar gini ta ratsa bango, mai gajeren zango kuwa ba ta iyawa sosai. Jikin mutum kaɗai yana iya rage mata ƙarfi sau ɗari. Akwai kuma asarar da iska take jawowa: a gigahaz 60, iskar oksijin tana shanye kusan desibel 15 a kowace kilomita, wato abin da ke saura bai fi kashi ɗaya cikin talatin ba. Sakamakon duk wannan shi ne inuwoyin sadarwa, wuraren da ke kusa da turke amma ba sa ganinsa kai tsaye.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Fannin

Dokar lanƙwasuwar haske idan ya shiga gilashi ko ruwa tsohuwa ce. Ibn Sahl ya bayyana ta a Bagadaza wajajen shekarar 984, kafin Willebrord Snell ya sake gano ta a Holan a 1621. Ita da 'yar'uwarta, dokar madubi, wadda ta ce kusurwar da haske ya faɗo da ita daidai take da kusurwar da zai koma da ita, su ne suka yi mulkin fannin na tsawon ƙarnuka. Faffaɗan allunan ƙarfe da kamfanonin tarho suka riƙa kafawa a kan duwatsu a tsakiyar ƙarni na ashirin, domin su miƙa sigina zuwa bayan tsauni, da dokar madubi suke aiki. Matsalarsu ita ce dole a karkata allon gaba ɗayansa zuwa kusurwar da ta dace.

A shekarun 1940 Winston Kock na ɗakunan binciken Bell a Amurka ya ƙera gilasan tattara igiyar rediyo daga jerin ƙananan ƙarafa. A 1963 Berry da Malech da Kennedy suka gabatar da eriya mai jerin ƙwayoyin da ke mai da igiya, kowace ƙwaya da nata jinkirin. A 1967 masanin Tarayyar Sobiyet Victor Veselago ya nuna ta hanyar lissafi cewa za a iya samun abin da zai lanƙwasa haske zuwa ɓangaren da ba a saba gani ba. Ba a samu irin wannan abu a cikin halittu ba, sai da John Pendry na Kwalejin Imperial da ke Landan ya nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa siraran wayoyi da yankakkun zobba na tagulla za su iya samar da waɗannan halaye. David Smith da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka haɗa irin wannan abu a 2000, suka kuma tabbatar da baƙuwar lanƙwasuwar a gwaji a 2001. Waɗannan su ake kira metamatiriyal: abubuwan da halayensu suka fito daga siffar da aka ƙera su da ita, fiye da sinadarin da aka yi su da shi.

Metamatiriyal mai kauri yana da wahalar ƙerawa, yana kuma shanye ƙarfi. Mafita ta zo a 2011, lokacin da Nanfang Yu da Federico Capasso da abokan aikinsu a Jami'ar Harvard suka faɗaɗa dokokin madubi da lanƙwasuwa, suka nuna cewa shimfiɗa ɗaya tak mai siririn kauri ta isa ta juya igiya. A 2014 kuma Tie Jun Cui na Jami'ar Kudu maso Gabas da ke Nanjing ta ƙasar Sin ya gabatar da allon da kowace ƙwayarsa take da hali biyu, 0 ko 1, wanda ake tsarawa da kwamfuta. Daga nan ne fannin ya tsallako zuwa sadarwar waya.

4.0 Yadda Ƙirarren Allo Yake Aiki

Allon yana da hawa uku. A baya akwai shimfiɗar ƙarfe da ke hana igiya wucewa. A tsakiya akwai abin da ba ya ɗaukar wuta, irin wanda ake yin allon cikin rediyo da shi. A gaba kuma akwai jerin ƙwayoyin tagulla, masu siffar murabba'i ko zobe ko gicciye, kowace ba ta kai rabin tsawon zango ba. Idan igiya ta faɗo a kan ƙwaya, sai ta motsa wutar lantarki a cikinta, ƙwayar kuma ta sake fitar da igiyar. Girman ƙwayar da siffarta su ne ke ƙayyade ɗan jinkirin da za a samu kafin igiyar ta koma. Ana auna wannan jinkiri da digiri, inda digiri 360 yake daidai da kaɗawa ɗaya cikakkiya.

Tun a ƙarni na 17 Christiaan Huygens ya bayyana cewa ana iya ɗaukar kowane ɗigo a gaban igiya a matsayin sabon mafarin igiya, kuma haɗuwarsu ce take nuna inda za ta dosa. Ana iya kwatanta wannan da sahun manoma a gonar gayya. Muddin kowa yana tafiya da sauri ɗaya, sahun zai miƙe gaba. Idan na gefen hagu suka riƙa jinkiri, kowane ya fi na damansa nawa da ɗan kaɗan, sahun gaba ɗaya zai karkata hagu ba tare da kowa ya ja shi ba. Haka allon yake yi: ana jera ƙwayoyin ta yadda jinkirinsu zai riƙa ƙaruwa daki-daki daga wannan gefe zuwa wancan, sai igiyar da ta koma ta karkata zuwa ɓangaren masu jinkiri.

4.1 Misali na Lissafi

Idan P ita ce tazarar da jinkiri yake cika digiri 360 a cikinta, λ kuma tsawon zango, dokar tana cewa: sin θ₂ − sin θ₁ = λ ÷ P, inda θ₁ take nufin kusurwar faɗowa, θ₂ kuma kusurwar komawa. A ɗauka igiyar gigahaz 28 ta faɗo tsaye a kan allo, wato θ₁ sifili ce, ana kuma so ta koma a kan digiri 30. Tun da sin 30° rabi ne, P za ta zama ninki biyu na tsawon zango, kimanin santimita 2.14. Idan tazarar ƙwayoyi rubu'in zango ce, wato kimanin milimita 2.7, za a samu ƙwayoyi takwas a cikin P, kowace ta fi ta gabanta jinkiri da digiri 45. Ana maimaita wannan jeri na takwas har allon ya cika. Madubi na yau da kullum da ya mai da wannan igiya inda ta fito, amma ƙirarren allo, yana manne a bango ɗaya, ya aika ta wani titin daban.

5.0 Rabe-raben Allunan

Rukuni na farko shi ne kafaffen allo. Tsarin jinkirinsa a wurin ƙira ake yanke shi, ba ya sauyawa. Ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, ba shi da na'urar da za ta lalace, kuma ana iya buga shi kamar yadda ake buga allon kayan lantarki. Ya dace da wurin da turke yake tsaye wuri ɗaya, inuwar da ake son haskawa ita ma ba ta motsi, kamar wani lungu ko harabar masana'anta.

Rukuni na biyu shi ne allo mai sauyawa. A nan ana saka wa kowace ƙwaya ɗan makunni, galibi diyod, ko a yi amfani da ruwan kiristal irin na fuskar talabijin, ta yadda wata ƙaramar kwamfuta za ta iya canza jinkirin. Shi ma ba shi da amfilifaya, don haka ba ya ƙara wa igiya ƙarfi. Wutar da yake ci ta sarrafa makunnan ce kawai. Idan ƙwaya tana da hali biyu kacal, digiri 0 da 180, ana asarar kimanin desibel 3.9 idan aka gwada da allon da ke iya ba da kowane jinkiri, wato abin da ke isa kimanin kashi 40 cikin ɗari ne. Da hali huɗu asarar tana sauka zuwa desibel 0.9. Wannan ne ya sa masu ƙira da yawa suke tsayawa a hali biyu ko huɗu.

Akwai kuma allunan da igiya take ratsawa maimakon ta dawo. Waɗannan ana manna su ne a gilashin taga domin su tattara siginar waje su shigar da ita ɗaki.

6.0 Wasu Gwaje-gwaje

A 2018 kamfanin NTT DOCOMO na Japan, tare da kamfanin Metawave, ya gwada allo mai mai da igiyar gigahaz 28 a birnin Tokyo. Kamfanin ya ba da rahoton cewa a wurin da gini ya tare turke, saurin bayanai ya tashi daga megabit 60 zuwa 560 a daƙiƙa. Daga baya ya haɗa kai da kamfanin gilashi na AGC suka gwada allo mai ganin-ciki wanda ake iya sawa a taga. A Cibiyar Fasaha ta Massachusetts kuma, Venkat Arun da Hari Balakrishnan sun gabatar da wani allo mai suna RFocus a 2020, mai ƙwayoyi fiye da 3,000, wanda ya ƙara ƙarfin sigina kusan sau goma a cikin ginin ofis. Abin lura a gwaje-gwajen shi ne, duk an yi su ne a inda hanyar kai tsaye ta toshe ko ta yi rauni.

7.0 Iyakoki da Ƙalubale

Qingqing Wu da Rui Zhang na Jami'ar Ƙasa ta Singafo sun nuna a 2019 cewa ƙarfin da ake karɓa ta hanyar allo yana ƙaruwa da murabba'in yawan ƙwayoyinsa. Dalilin shi ne ninka ƙwayoyi yana ninka ƙarfin da allon ya tara, yana kuma ƙara matse siginar da ya mayar. Wannan sakamako ya ja hankali ƙwarai, amma yana da abokin tafiya da ke rage masa armashi. A hanyar allo, asarar zango biyu ninka juna take yi: ƙarfin yana raguwa da murabba'in d₁ × d₂, inda d₁ take nufin nisan turke zuwa allo, d₂ kuma nisan allo zuwa waya. Idan jimillar tafiyar mita 100 ce, allon da ke tsakiya zai ba da 50 × 50, wato 2,500, wanda ke mita 10 daga ɗaya ƙarshen kuwa zai ba da 10 × 90, wato 900. Bambancin ƙarfin da ke isa ya kusan ninki takwas. Darasin shi ne a kafa allo kusa da turke ko kusa da masu amfani, tsakiyar hanya ita ce mafi munin wuri.

Emil Björnson da Özgecan Özdogan da Erik Larsson na Jami'ar Linköping a Suwidin sun gwada allon da ƙaramar na'urar da ke karɓar sigina ta sake aikawa. Sun gano cewa sai allon ya kai ɗaruruwan ƙwayoyi kafin ya yi kafaɗa da ita. Girma kuwa yana da alaƙa da zango: allon murabba'in mita ɗaya zai ɗauki ƙwayoyi kusan 35,000 a gigahaz 28 idan tazararsu rabin zango ce, amma kimanin 540 kawai a gigahaz 3.5.

Ƙalubale na biyu shi ne allon kurma ne. Tun da ba shi da na'urar karɓa, bai san inda waya take ba, dole turke ya riƙa gwada tsare-tsare daban-daban yana tambayar wayar wanne ya fi. Wannan yana cin lokacin da ya kamata a aika bayanai a cikinsa, musamman idan mai wayar yana cikin mota. Na uku, ƙwayoyin suna aiki daidai ne a ƙunƙuntaccen zango. Idan aka yi nisa da shi, kusurwar komawa tana gocewa. Na huɗu, allo ba ya tambayar kamfanin da sigina ta fito. Wanda wani kamfani ya kafa yana iya karkatar da siginar maƙwabcinsa ba da niyya ba. Na biyar, idan kusurwar ta yi faɗi sosai, wani kaso na ƙarfin yana zubewa zuwa ɓangarorin da ba a so, matsalar da Sergei Tretyakov da abokan aikinsa a Jami'ar Aalto ta Finlan suka yi aiki a kan magance ta.

8.0 Matsayinsu a Ƙa'idojin Duniya da Abin da Ya Shafi Nijeriya

Cibiyar ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta kafa kwamiti na musamman kan alluna masu sauyawa a 2021. A 2023 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta amince da tsarin IMT-2030, wanda shi ne ginshiƙin 6G, taron Dubai na wannan shekara kuma ya sa a nazarci wasu zanguna, ciki har da gigahaz 7.125 zuwa 8.4, kafin taron 2027. Ita kuwa ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin wayoyi, a fitowarta ta 18 na'urar maimaita sigina mai amfilifaya ta amince da ita, abin da ke nuna cewa har yanzu allunan suna da abokin gasa.

A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 a watan Disamba na 2021, inda MTN da Mafab suka yi nasara, daga baya Airtel ya samu nasa. A wannan zango igiya tana ratsa bango fiye da ta gigahaz 28, kuma allon da zai yi tasiri sai ya yi girma. Duk da haka, a ƙasar da turaku da yawa suka dogara da janareta, abin da ke aiki ba wuta ya cancanci kulawar sassan kimiyyar lantarki na jami'o'i, musamman kafaffen allo, wanda ƙirarsa ba ta fi ƙarfin ɗakin gwaji mai kayan buga allon lantarki da na'urorin awo ba.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ƙirarren allo yana karkatar da igiyar rediyo ne ta hanyar jera jinkiri a kan ƙananan ƙwayoyi, kuma tushensa ya faro tun daga dokokin haske zuwa binciken metamatiriyal. An ga cewa ba ya ƙirƙirar ƙarfi, abin da ya faɗo masa kawai yake tarawa ya juya. Saboda haka ribarsa tana bayyana ne idan sharuɗɗa uku suka cika: hanyar kai tsaye ta toshe, allon yana da girman da ya dace da zangon, kuma an kafa shi kusa da ɗaya daga cikin ƙarshen hanyar. Inda babu turke kwata-kwata, allo ba shi da abin da zai mayar. Ɗalibin da ke son shiga wannan fage zai fi amfana idan ya fara da kafaffen allo, ya lissafa tsarin jinkirinsa kamar yadda aka yi a sashe na 4.1, ya auna kusurwar da igiya ta koma da ita, sannan ya gwada abin da ya samu da na allon ƙarfe mai girma ɗaya.